Ajin Bayan Hoton Baba Rabaran

Fasto ya riga ya yi wa kujeru addu'a, ya yi wa lasifika, ya ja wa janareto kunne cikin sunan Yesu kada ya kuskura ya mutu a gaban baƙi, yanzu kuma ya gangaro kan tukwanen girki. Malamai na tsaye a ɗakinsu hannu cikin hannu, kowa ido a rufe in ban da shi Faston, wanda idonsa ɗaya ke bin katan-katan na lemo da ake shigowa da su. Malamar da yara ke kira Jan Biro tana tsakanin malamin wasanni da malamar ƙananan yara, tana motsa leɓe. In an zo wurin amin ta buɗe baki daidai da kowa. Ba abin da ke fita.

Ta daɗe a haka. Ba faɗa ta yi da Allah ba, ba ta kuma daina zuwa sujada ba. Kowace Lahadi tana bencinta na kullum, yaranta biyu a gefe, mijinta na gyangyaɗi saboda gajiyar tuƙin motar asibiti. Addu'ar ce kawai ta ƙafe mata, kamar famfon da za ka murɗa ka ji iska. Shekara da shekaru ita ke riƙe da ajin da makarantar ke taƙama da shi. Tana ɗura wa yara ayoyi da jawabai, su zubar a gaban iyaye ranar taro, a tafa, a ɗauki hoto, washegari ka tambayi yaro ma'anar abin da ya faɗa ya zuba maka ido. Wata safiya ta durƙusa a gaban gado ta rasa abin da za ta ce. Tun daga ranar ta koma motsa leɓe.

Da aka samu Fasto ya sauka, Shugabar makarantar, wadda kowa ke ce wa Mama, ta gyara zaman tabarau ta dubi malamanta ɗaya bayan ɗaya.

Yau Baba Rabaran zai zo, shi ne ke kula da duk makarantun ikilisiya, kuma an ce makarantar da ta shiga ransa ita za a gina wa sababbin azuzuwa. Saboda haka aka shafe bango da fenti, iya ɓangaren da ake hangowa daga hanyar mota. Aka aro tukwanen furanni daga wani otal. Aka jera kwamfutoci a teburi ɗaya ɗaya, ba wadda ke da waya a bayanta. Rubutun bakin ƙofa ma, wanda ke cewa kowane yaro kyauta ne daga Allah, an sake bin sa da ruwan zinariya.

"Saura abu ɗaya," in ji Mama. "Baba yana da wani hali. Sai ya shiga aji ya nuna yaro da sandarsa ya jefa masa tambaya, kuma ba ya zaɓen wanda ya ɗaga hannu. Don haka kowane malami ya fitar mini da yaran da Ubangiji bai gama aiki a kansu ba. A kai su sito."

Malamin wasanni ya dubi takalminsa.

"Ɓoye su za mu yi ke nan, Mama?" in ji Jan Biro.

"Wa ya yi maganar ɓoyewa? Keɓe su za mu yi. Fasto, ba a keɓe mutane don addu'a?"

"Ana yi, Mama, sosai ma," in ji Fasto. "Manyan bayin Allah duk sai da aka keɓe su."

"Kin ji. Kuma ke za ki zauna da su."

"Ajina fa? Ni na koya musu haddar."

"Ai sun haddace. Ko itace aka kafa a gabansu za su rera. Malamin wasanni zai tsaya musu." Mama ta sassauta murya, ta dafa mata kafaɗa. "Kuma 'yata, in faɗa miki tsakani da Allah, fuskarki kwanan nan ba ta tarbar baƙi ba ce."

A baranda wayarta ta yi ƙara. Yayarta ce.

"Auta, kin yanke shawara? Mijina ya ce teburin na nan yana jiranki, amma zuwa yamma yake son amsa, akwai wata da ke nema. Ofis ne mai sanyi, ki ɗaga waya, ki rubuta wanda ya sayi siminti, ki tashi. Ba ihu, ba ƙurar alli."

"Na ji, Yaya."

"Kullum kin ji. Dubi yadda kika rame. Kin yi addu'a a kai kuwa?"

"Ina yi," in ji Jan Biro, ta kashe wayar. A zuciyarta ta gama karɓar aikin. Jira kawai take a gama bikin nan ta faɗa wa Mama.

Siton yana ƙarshen barandar da ke kaiwa zauren taro. Ƙofarsa ta daɗe da ɓallewa, don haka da yaran suka gama shiga sai aka rataya babban ƙyallen maraba a bakin wurin, mai ɗauke da hoton Baba Rabaran yana murmushi. Daga waje ba wanda zai ce akwai ɗaki. Daga ciki kuwa, hasken da ke ratso ƙyallen ya sa fuskar Baba ta cika ƙofar a juye, kowace ƙofar hancinsa ta kai faranti.

Ba taga. Akwai karyayyun bencina da aka ɗora kan juna, rabin allo a jingine, ganguna masu fasasshiyar fata, da fukafukan mala'iku na kwali da suka rage daga wani wasan kwaikwayo. Yaran sun haura ashirin. Akwai waɗanda makinsu ne ya kawo su, akwai wanda yagaggen yunifom ya kawo, da mai ƙora a ka, da wanda ya ɗaure tafin takalminsa da roba. Akwai Doguwa, yarinyar da ta girme wa 'yan ajinsu har ta kusa kamo malamar a tsawo. Akwai Me-ya-sa, wanda makinsa ba laifi, bakinsa ne ake tsoro. Can a lungu kuma ga Shiru, ɗan ƙaramin yaro mai in'ina da ya daina magana a aji tun da aka yi masa dariya.

Suka zazzauna a kan abin da suka samu. Jan Biro ta tsaya a tsaye, don ba sauran wuri. Daga zaure aka fara jin ganga da waƙar 'yan kwaya, alamar baƙo ya iso.

"Malama, me ya sa aka kawo mu nan?" in ji Me-ya-sa.

"An keɓe ku ne. Don addu'a." Ta ji kalmar ta yi mata ɗaci a harshe.

"Me ya sa mu?"

"Saboda mu ne daƙiƙai," in ji Doguwa. Ba fushi a muryarta, kamar mai faɗin yau wace rana. "Bara ma da masu duba makaranta suka zo, bayan kicin aka kai mu. Can ya fi iska."

Jan Biro ta dube ta. Bara tana kan dandamali tana kaɗa wa 'yan ajinta hannu, ta ma yi mamakin yadda azuzuwa suka yi fili a ranar. Ba ta tambayi dalili ba.

"To Malama," in ji Me-ya-sa, "in mun je sama, Allah ma yana da sito?"

Tana da amsoshi a baki, ayoyi cikakku da lambobinsu, irin waɗanda take koyarwa. Sai ta ji duk sun yi kama da rubutun bakin ƙofa, da sabon fentinsa.

"Ba shi da shi," ta ce.

"Ta yaya kika sani?"

"Zauna da kyau, za ka faɗo."

Lasifikar zaure ta ɗauko jawabin Mama. Ta fara daga ranar da aka aza tubalin farko, ta biyo ta kan wahalhalun da ta sha, ta ce a wannan makaranta ba a taɓa barin yaro ko ɗaya a baya ba. Aka tafa. Zafi ya fara hawa a siton. Wani ya ɗauki fiffiken mala'ika yana fifita da shi, nan da nan kowa ya nemi nasa.

"Tunda addu'a aka ce mu yi, mu yi mana," in ji mai ƙora. "Malama ta ja mu."

"Kowa ya yi a zuciyarsa," in ji Jan Biro. Ta rufe ido ta shiga motsa leɓe kamar yadda ta saba.

"Malama ba yi take ba."

Ta buɗe ido. Doguwa ce, ta tallafe haɓa tana kallonta.

"Baki kawai take motsawa. Na sani, don haka nake yi in an ce a karanta tare."

Yaran suka tsaya cak, fukafukai a hannu, suna jiran tsawa. Jan Biro ta ji kunya ta rufe ta tun daga wuya har kunnuwa. Mijinta bai gane ba, Yaya ba ta gane ba, Fasto da ake biya don ya gane bai gane ba. Ta nemi abin da za ta kare kanta da shi, ta ga ta gaji da karewa.

"Gaskiya ne," ta ce. "Na daɗe ban iya ba."

"Ba komai, Malama," in ji mai ƙora. "Mu za mu yi."

Suka yi kuwa, ba tsari ba layi. Ɗaya ya roƙa kada motar Baba ta lalace, don ya tafi da wuri a sake su. Wata ta roƙa wa Mama sauƙin hawan jini. Mai takalmin roba ya gode wa Allah da robar ba ta tsinke ba tun safe. Me-ya-sa ya ce, "Ubangiji, ina da tambayoyi, amma sai mun haɗu." Daga nan sai aka ji wata ƙaramar murya daga lungu tana kokawa da harafin farko.

"U... U... Ubangiji."

Ba wanda ya yi dariya. A nan ba wanda ya fi wani.

"Ma... Malama ta... ta gaji." Shiru ya ja numfashi, ya runtse ido da ƙarfi, ya buga ƙafa a ƙasa kamar zai fizgo kalmar daga can. "Ka... ka ba ta... kujera."

"Amin!" suka ce gaba ɗaya. Kafin a gama amin ɗin, yara biyu sun mirgino wata tsohuwar ganga sun kifa ta a bayanta.

Ta zauna. Dariya ta taso mata, ba ta taɓa ganin addu'ar da aka amsa da sauri haka ba, sai dariyar ta juye a hanya ta zama wani abu dabam. Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Ta dai ji iska tana kaɗa mata ta dama da hagu, mala'ikun kwali sun kewaye ta suna fifita.

Da ta lafa, ta share fuska da bakin ɗankwali ta juya ga Doguwa.

"Kika ce in ana karatu baki kawai kike motsawa?"

"E, Malama."

"Tun yaushe?"

"Tun da can."

"To ta yaya kika kawo wannan ajin?"

"In benci ya yi mini kaɗan sai a tura ni gaba."

Jan Biro ta laluba aljihu ta samu guntun alli. Ta sa aka jawo rabin allon nan aka jingina shi a kan benci. Ta waiga neman abin karantawa, ba littafi ko ɗaya, littattafan duk suna can an jera wa baƙo. Sai wani tsohon kwalin sabulu da manyan haruffa a jikinsa. Ta ɗauko shi ta ɗora a cinya.

"Wa ya san mene ne a cikin kwalin nan da can?"

"Sabulu!"

"Ku rage murya. To ga shi an rubuta. Doguwa, zo nan. Wannan na farko, mai lanƙwasa kamar maciji, me maciji ke cewa?"

Ashe ba Doguwa kaɗai ba ce. Kusan rabinsu haka suke, sun iya rera haruffa tun daga farko har ƙarshe kamar waƙa, amma in ka tsinko ɗaya ka nuna sai ido. Jan Biro ta raba kalmar uku a kan allo, ta haɗa, ta sake rabawa. Ta sa su zana da yatsa a kan ƙurar benci. Ta sa mai ƙora ya zama *sa*, mai takalmin roba ya zama *bu*, Shiru ya zama *lu* tunda gajere ne ba ya buƙatar kokawa, suka jeru suna musanya wuri. Gumi ya jiƙa mata riga. A zaure 'yan ajinta suna ta zubo ayoyi ba tuntuɓe, tana jin su ta lasifika, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Sa... bu... lu," in ji Doguwa.

"Ai ta san sabulu ne tun farko," in ji Me-ya-sa. "Me ya sa za mu yarda?"

"Ka yi gaskiya," in ji Jan Biro. Ta goge allon da gefen hannu. Ta rubuta wata kalma da haruffan nan dai, ba ta faɗi ko mece ce ba. "Kowa ya yi shiru. Kada wanda ya taimake ta."

A daidai lokacin Fasto ya karɓi makirufo a zaure. Muryarsa ta sauko ƙasa ƙasa, irin wadda yake ajiyewa don manyan baƙi. "Jama'ar Allah, bari kowa ya sunkuyar da kai. Mu yi tsit, mu saurari abin da Ubangiji zai faɗa wa wannan makaranta a yau."

Makarantar duka ta yi tsit.

Doguwa ta matso har hancinta ya kusa taɓa allo. Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin haruffa biyun farko. Leɓenta ya yi motsi, wannan karon da sauti.

"Bu..." Ta matsa yatsa. "La..." Ta sake matsawa, ta tsaya, ta koma farko da sauri, idonta ya buɗe. "Bu-la-la. Malama, bulala ce!"

"BULALA!" Yaran suka kwatsa gaba ɗaya, suna tsalle, suna dukan fasassun ganguna. "Bulala! Bulala!"

Jan Biro ta miƙe tana ɗaga hannu, amma aikin gama ya gama. Da suka yi shiru, sai aka ji wata tsohuwar murya ta lasifika, a hankali.

"Fasto, kai ma ka ji abin da na ji?"

Ba a jima ba aka ji takun mutane da yawa a baranda, da ƙwanƙwasar sanda, da muryar Mama tana cewa ai 'ya'yan maƙwabta ne, Baba, ta nan hanyar abinci take. Ƙwanƙwasar ta tsaya. Bakin sanda ya shigo ta gefen ƙyallen ya ɗaga shi. Babbar fuskar ta naɗe, ƙaramar ta leƙo, tsoho ne siriri mai farin gashi, bai kai hotonsa fara'a ba.

Ya dubi yaran da fukafukansu. Ya dubi allon. Ya dubi malamar da alli ya ɓata wa goshi. A bayansa ga Mama, ga Fasto, ga iyaye masu manyan riguna, ga mai ɗaukar hoto.

Mama ba ta kai matsayinta da wasa ba. Numfashi ɗaya ta ja.

"Kash, Baba, ka riga mu! Wannan ne muka ajiye maka na ƙarshe. Sashen Kulawa ta Musamman ke nan. Yaran da ke buƙatar a bi su a hankali, muka ware musu wuri shiru, muka ba su malamar da ta fi kowa. Tunanin ya daɗe a raina."

"Ya daɗe ƙwarai," in ji Fasto. "Mun sha yin azumi a kai."

Baba Rabaran bai dube su ba. "Haka ne, 'yata?"

Idon Mama ya kafe ta ta saman tabarau. Jan Biro ta ji wani ƙaramin hannu ya kama gefen siket ɗinta.

"Baba, da safe ɓoye mu aka yi," ta ce. "Amma yanzu ya zama aji."

Wata daga cikin iyayen ta yi tari. Tsohon ya daɗe yana kallonta, sannan ya waiga ya dubi ƙyallen da ke rataye a bakin sandarsa.

"Na sha ganin ana amfani da fuskata," ya ce, "amma yau ne na ga ta zama ƙofa." Ya nuna Doguwa da haɓa. "Ke, me kika koya?"

Doguwa ta karanta abin da ke allo. Ta ɗauko kwali ta karanta shi ma, tana bi da yatsa.

"Sabulu da bulala," in ji Baba Rabaran. "To. Ba makarantar da ba ta buƙatar ɗaya daga ciki." Ya fara tafi a hankali, sandarsa a hammata. Kowa ya kama, Mama ta fi kowa ƙarfi. "Shugaba, tunda kin ce sashe ne, sashe ne. Zan faɗa wa sauran makarantu su zo su gani. Ni ma zan riƙa leƙowa. Ba sai an yi fenti ba."

Mai hoto ya ce a matso. Mama ta rungumo Doguwa ta manna ta a ƙirji, tana murmushi ta tambaye ta ta gefen baki, "Ya sunanki ma?"

"Baba," in ji Me-ya-sa, "me ya sa ba a ba mu lemo ba?"

Aka kawo katan biyu. Fasto da kansa ya raba, yana bin kowace kwalba da kallo kamar mai sallamar ɗa zuwa wata ƙasa.

Bayan an tashi, an fara mayar da tukwanen furanni cikin motar otal, Mama ta kira ta ofis. Ta cire tabarau ta ajiye, abin da ba ta yi sai ranta ya ɓaci sosai.

"Kin kyauta. A gaban iyaye. Ni kika ce na ɓoye yara."

"Tambayata aka yi, Mama."

"To tunda kina son su, na ba ki. Dukansu, har da waɗanda za a ƙaro. Daga gobe kin bar ajinki. Kuma kada ki zo mini da maganar wani ɗaki, ba ni da shi. Inda Baba ya gan ku, nan zai dawo ya same ku." Ta jingina da kujera tana jiran kuka, ko roƙo, ko takardar barin aiki.

"To, Mama," in ji Jan Biro. "Sai dai muna buƙatar alli."

A baranda ta kira Yaya da kanta.

"Ki yi wa mijinki godiya, Yaya. Ya ba wa waccan da ke nema."

"Ke Auta, zafi ne ya taɓa miki kai?"

"Wataƙila. Yini na yi a sito."

"Sito? An ƙara miki girma ne?"

"An rage. Can aka mayar da ni gaba ɗaya."

"An mayar da ke sito kuma kike mini magana da wannan muryar? Me ya faru?"

"Wata yarinya ce ta karanta bulala."

"Bari in kira mijinki," in ji Yaya, "ya zo da motar asibitin."

Da ta koma siton, an sauke ƙyallen. Wani mai fenti yana kan benci yana rubutu a saman ƙofa, ya riga ya gama SASHEN KULAWA TA MUSAMMAN, yana jan layi a ƙasa.

"Malama, ke ce ta nan? An ce in ƙara da cewa Shugaba ce ta assasa shi tun kafuwar makaranta. Kafuwa da ƙa mai lanƙwasa ce ko mai tsaye?"

"Mai tsaye," ta ce, ta wuce ciki.

Yaran sun tafi gida. Kwalaben lemo na jere a gindin bango, fukafukai a warwatse. Ta tattara su ta ɗora a lungu. Ta fara sauke bencinan ɗaya bayan ɗaya, tana ware masu ƙafa huɗu da masu uku. Zafin bai ragu ba ko kaɗan. Gobe yara za su cika wurin nan tun safe har azahar, da ita, da rabin allo. Ta san ba kullum za a karanta sabuwar kalma ba. Ta san Mama ba ta mantuwa, Baba kuma tsoho ne mai makarantu da yawa.

Ta zauna a kan gangar ta dubi bangon da ke fuskantar fili. Ba ta rufe ido ba, ba ta haɗa hannu ba.

"Ubangiji," ta ce, a fili, har ta ji muryarta ta dawo mata daga bango. "Ga ni, ga su. Ka dai ga ɗakin nan ba taga."

"Na'am, Malama?" in ji mai fenti daga waje. "Da ni kike?"

"A'a, da wani nake." Ta miƙe ta leƙo. "Amma tunda ka amsa, ka san mai fasa bango?"